Bayan An Tsira Da Rai: Tarihin Ɗimuwar Majinyata A Sashen Kulawa Ta Musamman

Duk wanda ya taɓa zaman jiran ɗan uwansa a ƙofar sashen kulawa ta musamman, wato ɗakin nan na asibiti da ake kwantar da waɗanda suke rai kwakwai mutu kwakwai, ya san addu'a ɗaya ce a bakin kowa: Allah ya sa ya fito da rai. Idan ya fito sai a yi ta barka da arziki, a ɗauka wahala ta ƙare. Sai dai sau da yawa wanda aka dawo da shi gida yakan daɗe bai koma yadda aka san shi ba. Barci ya ƙaurace masa, in ya samu ya runtsa kuma ya farka a firgice. Abin da aka faɗa masa da hantsi ya mance shi kafin azahar. Wani ma yakan rantse cewa ma'aikatan asibiti sun yi yunƙurin kashe shi, ko an sace shi an kai shi wani gari, alhali bai taɓa barin gadonsa ba.

Wannan hali yana da suna da dalili, kuma yana da tarihi. Likitoci da kansu sun shafe kusan shekara 50 suna ceton rayuka a irin wannan sashe kafin su ɗauki abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar majinyaci da muhimmancin da ya dace. Waiwaye adon tafiya ne. Sanin yadda aka yi wannan jinkiri, da yadda aka farga, zai taimaki iyali su gane abin da ke damun nasu, su kuma san cewa suna da rawar takawa a wajen warkewarsa.

Tsohon ciwo ne

Ɗimuwar ciwo, wato gushewar hankali farat ɗaya saboda wata cuta da ta kama jiki, ta girmi kowane asibiti. Hausawa sun san ta a sambatun mai zazzaɓi da magagin wanda sanƙarau ya kwantar. Likitocin Girka na zamanin Hippocrates, kimanin shekara 400 kafin Miladiyya, sun bayyana ta iri biyu: wadda ke sa mai zazzaɓi fizge-fizge da rashin barci, da wadda ke sa shi yin lamo kamar ba ya duniya. A ƙarni na 1 na Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya yi amfani da kalmar da likitocin Turai ke kiran ciwon da ita har yau. Asalin kalmar daga gona ta fito, ma'anarta kauce wa layi yayin huɗa. Duk wanda ya taɓa bin garmar shanu ya san yadda kunya ke karkacewa idan sa ya fanɗare, haka su ma suka ga hankalin mai tsananin ciwo.

Ilmin zamani ya fara kama bakin zaren ne a shekarun 1940, sa'ad da likitoci biyu a Amurka, George Engel da John Romano, suka auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar majinyatan da suka ɗimauce. Sun tarar motsin yana yin sanyi gwargwadon tsananin ɗimuwar, yana kuma dawowa daidai idan majinyaci ya samu sauƙi. A 1959 suka wallafa maƙalar da suka kira ciwon da gazawar ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake cewa zuciya ta gaza ko ƙoda ta gaza. A ciki sun koka cewa ciwon ya faɗa tsakanin likitoci biyu: likitan jiki yana ganin aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, shi kuma likitan ƙwaƙwalwa ba kasafai yake shiga ɗakin masu tsananin ciwo ba. Maganarsu ba ta samu masu sauraro da yawa ba a lokacin, domin hankalin likitoci ya tafi ga wani sabon abu da ya ɓullo a arewacin Turai.

Kopenhagen, 1952

A bazarar 1952 annobar shan inna ta afka wa Kopenhagen, babban birnin ƙasar Denmak. Asibitin Blegdam, wanda ke karɓar masu cututtuka masu yaɗuwa, ya cika maƙil, galibi da yara. Mafi munin nau'in cutar shi ne wanda ke shanye tsokokin numfashi da na haɗiya. Asibitin yana da injin numfashi babba guda 1 tak, irin wanda ake kira huhun ƙarfe, da ƙanana guda 6. Daga cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka rasu.

Shugaban likitocin asibitin, Henry Lassen, ya nemi shawarar wani likitan sa barci lokacin tiyata mai suna Bjørn Ibsen. Ibsen ya gane cewa abin da ke kashe yaran shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da ya kamata huhu ya fitar. Ranar 27 ga Agusta aka gwada dabararsa a kan wata yarinya 'yar shekara 12: aka huda mata maƙogwaro, aka zura bututu, aka riƙa tura mata iska ta hanyar matsa wata jakar roba da hannu. Yarinyar ta rayu. Da yake babu injin da zai yi wannan aiki, sai aka tara ɗaliban likitanci da na haƙori kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowanne zaune a gefen majinyaci guda yana matsa jaka sa'o'i da dama. Mace-macen da suka kusa kai kashi 90 cikin 100 suka sauko zuwa wajen kashi 40. A Disamban 1953 Ibsen ya buɗe, a asibitin birnin, ɗakin da masana da yawa ke ɗauka shi ne sashen kulawa ta musamman na farko a duniya.

Akwai abin lura a wannan mafari. Galibin majinyatan Blegdam idonsu biyu, kuma kowannensu yana da mutum a gefensa wanda ke kallon fuskarsa, yana koyon fahimtar ƙiftawar idonsa, wani lokaci yana karanta masa labari. Wannan fanni ya fara da hannun ɗan Adam da fuskarsa. Shekarun da suka biyo baya su ne suka raba majinyaci da su biyun.

Da inji ya karɓi aikin hannu

Kafin ƙarshen shekarun 1960 manyan asibitocin Turai da Amurka sun buɗe irin wannan sashe. Injunan numfashi sun maye gurbin ɗalibai, na'urori masu ƙara sun kewaye gado, fitilu a kunne dare da rana, dangi kuwa mintoci kaɗan ake ba su su leƙa su fita. An ceci rayukan da a da sai dai a yi musu addu'a. Amma tun a lokacin ma'aikatan jinya suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai.

A 1965 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin New York, Donald Kornfeld, tare da abokan aikinsa, ya ba da rahoton cewa fiye da kashi 1 cikin 3 na manyan da aka yi wa tiyatar buɗe zuciya sun ɗimauce kwanaki kaɗan bayan aikin. Suna gane-gane, suna jin muryoyi, suna zargin masu kula da su. Kornfeld ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan ɗakin kansa: rashin barci, ƙarar na'urori, da rashin sanin dare ko rana. A 1972 wani likita a jihar Arkansas, Larkin Wilson, ya kwatanta sassa biyu, ɗaya mai tagogi ɗaya marar taga, ya tarar ɗimuwa a marar tagar ta haura ninki biyu.

Waɗannan bincike gaskiya suka faɗa, amma sun haifar da suna marar kyau. Aka riƙa kiran abin da haukar sashen kulawa, kamar dai wani ɗan ruɗani ne da ɗakin ke jawowa, wanda zai wuce da zarar an mayar da majinyaci babban ɗaki. Sunan ya sa aka daina tambayar abin da ke cutar da ƙwaƙwalwar: ƙwayoyin cuta a jini, ƙarancin iskar oksijin, gazawar ƙoda ko hanta, rikicewar gishirin jini, da magungunan da ake ɗura wa majinyaci. Wani likita ɗan asalin ƙasar Poland da ya yi aiki a Kanada da Amurka, Zbigniew Lipowski, ya fitar da littafi sukutum a 1980 yana jaddada cewa ɗimuwa gazawar ƙwaƙwalwa ce ta gaggawa. Duk da haka sai a shekarar 2000 aka ga maƙala a wata babbar mujallar likitanci tana kiran tsohon sunan da suna mai haɗari da ya kamata a yi watsi da shi.

Zamanin dogon barci

A shekarun 1980 da 1990 wata al'ada ta kafu, kuma tausayi ne ya kafa ta. Kwanciya da bututu a maƙogwaro abu ne mai wuya, saboda haka aka ga ya fi alheri a sa majinyaci barci mai nauyi har sai ciwon ya wuce. Aka riƙa ɗura magungunan sa barci ta jijiya ba yankewa, musamman dangin diazepam irin su midazolam da lorazepam, wani lokaci har da masu sassaƙar da tsoka gaba ɗaya. Tunanin shi ne, wanda bai san abin da ake ciki ba babu abin da zai tuna, wanda bai tuna ba kuwa babu abin da zai dame shi.

Thomas Petty, likitan huhu na birnin Denver, yana cikin waɗanda suka fara bayyana ciwon nan na gazawar huhu mai tsanani a 1967. A 1998, bayan shekara fiye da 30 a fagen, ya rubuta cewa abin da yake gani a sassan yana tayar masa da hankali: majinyata kwance ba motsi, ba abin da ke nuna suna da rai sai allon na'ura, alhali a farkon aikinsa waɗanda ke kan injin numfashi idonsu biyu, suna hulɗa da mutane.

Abin da ba a sani ba shi ne, barcin magani ba ya zama hutu ga ƙwaƙwalwa. Majinyacin da ake gani kwance shiru yana iya jin ɓurɓushin abin da ake yi masa, sai ƙwaƙwalwarsa da ta jigata ta saƙa labari da shi. Igiyar da aka ɗaure hannunsa da ita don kada ya cire bututu ta zama sarƙar masu garkuwa. Tura shi cikin na'urar ɗaukar hoto ya zama sa shi a kabari da rai. Allura ta zama guba, sa bututun fitsari ya zama keta mutunci. Waɗannan abubuwa ba sa dusashewa da safe kamar mafarki. Suna zama a zuciya daram kamar abin da ya faru a zahiri, wani lokaci ma sun fi abin da ya faru fitowa sarai.

Da aka fara awo

Sauyi ya zo ne ta hanyar ƙidaya. A 1990 wata likitar tsofaffi a Jami'ar Yale, Sharon Inouye, ta tsara hanya mai sauƙi ta gane ɗimuwa a gefen gado. A 1999 ta nuna cewa abubuwa marasa tsada, irin su tuna wa majinyaci rana da wuri, mayar masa da tabarau da na'urar ji, ba shi ruwa, tayar da shi ya taka, da barinsa ya yi barcin dare, sun rage ɗimuwa a tsakanin tsofaffin da aka kwantar daga kashi 15 zuwa kimanin kashi 10 cikin 100.

A shekarar 2000 John Kress da abokan aikinsa a Jami'ar Shikago suka gwada abin da mutane da yawa ke ganin rashin tausayi ne: dakatar da maganin barci sau ɗaya kowace rana har majinyaci ya farka. Waɗanda aka yi wa haka sun rabu da injin numfashi cikin kwana 5 a matsakaici, sauran kuwa sai da suka haura kwana 7. Da aka bi sawunsu daga baya, ba a tarar farkarwar ta ƙara musu ciwon zuciya ko firgici ba.

Shekara guda bayan haka Wesley Ely na Jami'ar Vanderbilt, a birnin Nashville, ya gyara ma'aunin Inouye yadda zai dace da wanda bututu ya hana magana. Ana karanto masa haruffa a ce ya matsa hannun mai gwaji duk sa'ad da ya ji wani harafi guda, sannan a yi masa tambayoyin da zai amsa da kai, kamar ko dutse yana iyo a kan ruwa. Sakamakon ya girgiza likitoci: kimanin 8 cikin 10 na waɗanda ke kan injin numfashi sun ɗimauce a wani lokaci na kwanciyarsu. Da yawansu irin masu yin lamo ne, waɗanda ake yaba wa da cewa ba su da rigima, don haka ba wanda ya lura. A 2004 Ely ya nuna cewa waɗanda suka ɗimauce haɗarin mutuwarsu cikin wata 6 ya ninka na sauran kusan sau 3, ko da an yi la'akari da tsananin ciwonsu. A 2006 kuma masu bincike na jami'ar suka nuna cewa lorazepam, maganin da ake bayarwa don a kwantar wa majinyaci da hankali, yana ƙara yiwuwar ya ɗimauce washegari.

Abin da ya bi su gida

Tsawon shekaru aikin sashen yakan ƙare ne a bakin ƙofarsa. Wanda ya fita da rai an rubuta shi cikin nasara, ba wanda ke bin sawunsa. Kaɗan daga cikin ma'aikata ne suka fara kiran tsofaffin majinyatansu su ji yadda suka kwana.

A asibitin Whiston, kusa da Liverpool a Ingila, wata ma'aikaciyar jinya kuma mai bincike, Christina Jones, tare da likita Richard Griffiths, suna cikin na farko da suka yi haka. A 2001 suka wallafa abin da ya rushe tushen al'adar dogon barci. Majinyatan da ba su tuna komai na zahiri ba, sai gane-ganen ɗimuwa kaɗai, su ne suka fi fama da fargaba da alamun ciwon firgici irin wanda ke kama waɗanda suka dawo daga yaƙi. Waɗanda suka tuna wani abu na gaskiya, ko da mai ɗaci ne, sun fi samun sauƙi, domin suna da abin da za su auna gane-ganen da shi.

A Toronto ta ƙasar Kanada, Margaret Herridge ta bi sawun mutum 109 da suka tsira daga gazawar huhu mai tsanani. Matsakaicin shekarunsu 45 ne. Rahotonta na 2003 ya nuna cewa sun bar sashen bayan sun rasa kimanin kashi 18 cikin 100 na nauyin jikinsu, kuma bayan shekara guda, ko da yake huhunsu ya kusa komawa daidai, kusan rabinsu ne kawai suka koma bakin aiki. A Faransa kuma, Élie Azoulay ya juya ga dangi. A 2005 ya tarar cewa kashi 1 cikin 3 na 'yan uwan da suka yi zaman jira suna ɗauke da alamun ciwon firgici wata 3 bayan an sallami nasu ko ya rasu.

Bincike mafi girma a kan ƙwaƙwalwa ya fito a 2013 daga Vanderbilt, ƙarƙashin Pratik Pandharipande, a kan majinyata 821. Kashi 74 cikin 100 sun ɗimauce a asibiti. Bayan shekara guda, kimanin 1 cikin 3 na waɗanda aka gwada suna da raunin tunani kwatankwacin na wanda ya samu matsakaicin rauni a ka, kimanin 1 cikin 4 kuma kwatankwacin na mai farkon ciwon mantuwa na tsufa. Matasa ma ba su tsira ba. Gwargwadon yawan kwanakin ɗimuwa, gwargwadon raunin da ya biyo baya. Da aka tattara binciken ƙasashe da dama, an ga cewa wajen mutum 1 cikin 5 na fama da alamun ciwon firgici a shekarar farko, kusan 1 cikin 3 kuma da ciwon damuwa ko fargaba.

A 2010 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta kira taro, aka haɗa waɗannan matsaloli ƙarƙashin suna guda, wanda aka wallafa a 2012: larurar bayan kulawa ta musamman. Tana da rassa 3, raunin jiki, raunin tunani, da ciwon zuciya irin na damuwa da firgici. Aka kuma ware mata reshe na musamman domin iyali.

Littafin jinya da dawowar dangi

Ɗaya daga cikin dabarun da aka samo ba daga ɗakin bincike ta fito ba. Tun a shekarun 1980 ma'aikatan jinya a Denmak, daga baya a Suwidin da Norwe, suka fara ajiye ɗan littafi a gefen gadon majinyaci. Su da dangi suna rubuta abin da ya faru kowace rana cikin harshe mai sauƙi: wa ya zo dubiya, me aka yi masa, yaya gari ya waye. Idan ya warke sai a ba shi, ya cike giɓin kwanakin da suka ɓace masa. A 2010 Christina Jones ta jagoranci gwaji a ƙasashen Turai 6 a kan majinyata 352: cikin waɗanda aka ba littafin kashi 5 cikin 100 ne suka kamu da ciwon firgici, cikin sauran kuwa kashi 13. Wani babban gwaji a Faransa a 2019 bai samu irin wannan bambanci ba, don haka littafin ba shi da tabbacin hana ciwon ga kowa. Amma majinyata da dangi da yawa sun shaida cewa ya taimaka musu su fahimci abin da ya same su.

A 2009 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa tayar da majinyaci ya motsa jiki tun yana kan injin numfashi ya rage kwanakin ɗimuwa daga 4 zuwa 2. A 2010 likitoci a birnin Odense na Denmak suka nuna cewa ana iya kula da majinyata da yawa a kan injin ba tare da maganin barci ba, muddin an kashe musu zafi kuma akwai mai zama kusa da su. A 2018 kuma babban gwaji a Amurka ya tarar cewa haloperidol, maganin da aka shafe shekaru ana bayarwa don ɗimuwa, bai rage tsawonta ba. Daga nan aka tsara ƙa'idar da sassa da yawa ke bi yau: a kashe zafi, a farkar da majinyaci kullum a gwada ko zai iya numfashi da kansa, a zaɓi maganin barci da hankali, a auna ɗimuwa, a motsa jiki da wuri, a shigo da iyali.

Annobar korona ta gwada wannan darasi ta hanya mai ɗaci. An rufe ƙofa ga dangi, ma'aikata sun rufe fuska, an koma ga barci mai nauyi. Wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan majinyata fiye da 2,000 a ƙasashe 14 ya tarar fiye da rabinsu sun ɗimauce. Magungunan dangin diazepam sun ƙara haɗarin, ziyarar dangi kuwa, ko da ta allon waya ce, ta zo tare da raguwarsa.

Abin da tarihin ya bar wa iyali

Ba sai a manyan asibitocin Turai ake ɗimuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, taifot, jijjigar masu ciki, ƙwayar cuta a jini, mummunan haɗarin mota, duk suna iya jawo ta, ko a babban ɗaki ne ko a gida. A wurinmu kuma idan mara lafiya ya fara sambatu, ko ya ce yana ganin wasu mutane a bango, zancen aljanu ko sammu ne kan riga komai zuwa baki. Addu'a ba ta hana a gaya wa likita. Rikicewar hankali farat ɗaya ga mai ciwo alama ce ta gaggawa, kuma sau da yawa sanadinta abu ne da ake iya magancewa. Haka ma yin lamo da ba a saba gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ku kuka san yadda mahaifinku yake kafin ya kwanta, don haka ku ne za ku fara ganin ya sauya.

Al'adarmu ta zaman jinya dukiya ce da wasu ƙasashe suka yi watsi da ita sannan suka dawo suna nema. Idan an ba ku damar shiga, ku yi masa sallama da sunan da ya saba ji, ku faɗi ko ku wane ne, ku gaya masa ranar da ake ciki da inda yake da dalilin kwanciyarsa, ko da kuna ganin ba ya ji. Ku kawo masa tabaraunsa. Ku bari haske ya shigo da rana, a rage fitila da surutu da dare, kuma kada 'yan dubiya su yi masa cincirindo. Kuna iya tambayar likita cikin ladabi ko ana auna ɗimuwa, da ko akwai halin rage maganin barci. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana.

Bayan an dawo gida, kalmar da ta fi saurin fitowa ita ce, ka gode wa Allah ka mance da abin da ya wuce. Godiya wajibi ce, amma mantuwa ba a hannunsa take ba, kuma wannan magana takan sa ya haɗiye abin da ke cinsa don gudun a ce ya yi butulci ko ya taɓu. Idan ya ba da labarin abin da ya gani, ku saurara ba dariya ba gardama. Ku gaya masa cewa kun san tsoron da ya ji na gaske ne, cewa mutane da yawa da suka yi irin kwanciyarsa sun ga irin haka, sannan a hankali ku ba shi labarin abin da ya faru a zahiri, gwargwadon yadda yake son ji. Idan ya zagi wani ko ya kai duka lokacin ɗimuwa, ku sanar da shi cewa ciwo ne, ba a riƙe shi da komai ba, domin kunyar wannan kan daɗe tana nuƙurƙusar mutum.

Warkewa takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma da yawa suna samun sauƙi a hankali. Amma idan mugun mafarki, firgita, ƙin kusantar asibiti, yawan kuka ko mantuwa sun haura wata guda, ko suna hana shi harkokinsa, a koma wurin likita a faɗi cewa ya yi kwanciya a sashen kulawa ta musamman, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Ciwon firgici da ciwon damuwa duk suna da magani. Idan kuwa ya fara zancen gajiya da rayuwa ko cutar da kansa, kada a kwana ba a kai shi asibiti ba. Wadda ta yi zaman jinyar, uwa ce ko mata ko 'ya, ita ma a dube ta: idan barci ya gagare ta ko ƙarar waya tana sa gabanta faɗuwa, tana da haƙƙin a kula da ita kamar yadda aka kula da wanda ta yi jinya.